Tsohon doki sai mai shi

Kwana huɗu akawalin Kawu ya yi a kwance kafin ransa ya fita, kuma a kwana huɗun nan babu wanda ya yi barcin kirki a gidanmu. Bayan an gama hawan Sallah ne abin ya faru. Yaron da ke kula da shi ya fita da shi kilisa da yamma, wata babbar mota ta danna oda a wajen Ƙofar Doka a Zariya, dokin ya zabura, ƙafarsa ta gaba ta faɗa kwalbati. Da ƙyar majiya ƙarfi suka ɗora shi a bayan a-kori-kura aka kawo shi gida. Ƙashin ya karye ƙasa da gwiwa, har tsininsa ya huda fata ya leƙo.

Mai ɗori ya zo ya yi iyakar abin da ya sani. Ya jera karan ɗori, ya naɗe da tsumma, ya yi tofi. Kafin asuba dokin ya yunƙura zai tashi, ya watsar da ɗorin gaba ɗaya. A rana ta biyu ƙanena ya zo da wani abokinsa da ke karatun likitan dabbobi a Samaru. Yaron ya tsuguna ya daɗe yana duba ƙafar, sannan ya je gaban Kawu ya durƙusa ya ce, "Baba, sai haƙuri. Dokin nan ba zai ƙara taka ƙafar nan ba. In ka amince, in kira malaminmu ya zo ya yi masa allura a hutar da shi tun yau." Kawu ya dube shi ya ce, "Ɗana, na gode, Allah ya yi albarka. Amma rai na Allah ne. Abin da ba zan ci ba, ba zan ɗauki ransa ba." Ni ma a ranar maganar Kawu na bi. Har haushin yaron na ji a raina, na ce ɗan boko ya zo zai koya wa dattijo kisa.

Abin da muka gani daga nan ba na fatan in sake ganinsa. Ƙuda ya yanyame ƙafar, kafin kwana biyu tsutsa ta fito. Kafaɗa da kwatangwalon da yake kwance a kansu suka saɓule suka zama gyambo. Jikinsa ya jiƙe sharkaf da gumi, yana nishi, can sai ya ɗaga kai ya buga da ƙasa, ƙarar tana zuwa har ɗakunan cikin gida. Kawu ya shimfiɗa buzunsa a bakin barga ya tare a can. Ya jiƙa dusa da kanwa ya kai masa baki, dokin ya kau da kai. Ya ɗauki mafici yana kore masa ƙuda har hannunsa ya gaji, ya sauya hannu. Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba, ko ranar da muka kai Iya makwancinta, sai a dare na uku.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ce rashin tausayi ne ya sa dokin nan ya sha wuya. Tausayin Kawu ya fi na duk wanda ke gidan. Tsoron zunubi ne ya ɗaure masa hannu, dokin kuma shi ya biya kuɗin tsoron da kwana huɗu na azaba. Da ya mutu, aka ɗaura masa igiya a ƙafa, aka sake kiran a-kori-kura, aka kai shi bayan ganuwa aka tuntsurar. Dokin da aka yi shekara 12 ana yi wa ado da jalala da kayan ƙawa ana shiga da shi ƙofar fada, a juji ya ƙare, karnuka suna ja.

Ra'ayina shi ne wannan: wanda ya ɗauki dabba ya ajiye a gidansa, haƙƙinta yana wuyansa har sa'ar da za ta mutu, da sa'ar da ke bayan mutuwar. Idan masani ya tabbatar ba za ta tashi ba, kuma tana cikin azaba, hutar da ita ta hanya mafi sauƙi yana cikin wannan haƙƙi. Yawancinmu mun iya kiwo, amma ƙarshen kiwon ne muke gudu.

Da dabbar da ake ci babu wannan damuwa. Akuya ta kwanta ciwo, a kira mahauci ko maigida ya wasa wuƙa kafin ta zama mushe, shi ke nan. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Matsalar tana kan waɗanda ba a ci: doki, jaki, kare, kyanwa, aku. Su ne idan suka tsufa ko suka nakasa ba mu san yadda za mu yi da su ba. Jakin da ya yi shekaru yana ɗaukar yashi daga bakin Kubanni, ranar da bayansa ya ɓare ya kasa ɗaukar mangala, sai a kwance masa igiya a kora shi, ya riƙa yawo a bola yana cin leda har wata mota ta ƙarasa shi. Karen gadi da ya makance, a saka shi a buhu da dare a kai shi can wajen Kwangila a sauke, a juyo ba a waiwaya ba. Yanzu kuma ga sabon yayi. Samari da 'yan mata a Samaru da Hanwa da GRA suna sayen karnukan waje da kyanwowi masu dogon gashi da kuɗi masu yawa, ana ɗaukar su hoto ana sawa a Facebook da TikTok. Ban ce laifi ba ne. Ina dai tambayar ko mai sayen ya san kyanwa tana iya kai shekara 15 ko fiye, kuma shekarun ƙarshe na ciwon ƙoda ne da zubewar haƙora da fitsari a kan kujera. Hoton wannan lokacin ba a cika sa shi a waya ba.

Ko a bakinmu akwai alamar abin. Mutum ya rasu, dabba ta mutu. Na mutum gawa, na dabba mushe. Bambancin daidai ne, don Allah ya fifita ɗan Adam. Sai dai kalmar mushe tana da wani aiki da take yi mana a zuci: da zarar an kira abu mushe, an fitar da shi daga lissafi, sai neman inda za a wurgar.

Shekaru bayan mutuwar akawali ina zaune a zauren wani malami a cikin birni, ana karatun Muhtasar, littafin fiƙihu, aka zo babin yanka da farauta. Ina sauraro da rabin kunne sai na ji ya fassara wata gaɓa: ya halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita. Na gyara zama. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a maimaita mini wannan." Ya maimaita, ya ƙara da cewa masu sharhi sun kawo misalin jaki da alfadari, dalilin kuwa a hutar da su. Doki ma a mashahurin zancen mazhabarmu yana cikin waɗanda ba a ci. Na tambaye shi ko akwai saɓani, ya ce akwai, Shafi'iyya sun hana, suna ganin a bar ta har ajalinta ya zo. Amma mu nan Malikiyya ne, kuma littafin nan tun ƙarni na 14 aka rubuta shi a Masar, ɗaruruwan shekaru ke nan ana karanta shi a zaurukan Zazzau. Wato abin da yaron nan ɗan Samaru ya durƙusa ya faɗa wa Kawu, wanda na kira kisan 'yan boko, yana cikin littafin da ke kan kantar ɗakin Kawun.

Hadisan da suka shafi wannan kuwa ko ɗan Islamiyya ya haddace su. Akwai matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Akwai wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Akwai hadisi na 17 a cikin Arba'una, wanda ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za a kashe a kyautata kisan, idan za a yanka a kyautata yankan, a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Muna karanta wannan na ƙarshe mu tuna da ragon layya kawai. Ni ina ganin ya shafi tsohon kare ma.

Me ya sa karayar doki ta zama hukuncin kisa, alhali mutum yana karyewa a ɗora shi ya warke? Ƙasa da gwiwar doki babu tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata kawai, saboda haka in ya karye yakan farfashe, in kuma ya huda fata ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Doki ba ya iya daɗewa a kwance, nauyin jikinsa yana danne masa huhu da tsoka. In ya tsaya da ƙafa uku, kofaton ƙafar da ta ɗauki nauyin yakan kumbura ta ciki, ciwon da ya fi karayar zafi. A Amurka an yi wani dokin sukuwa mai suna Barbaro, wanda ya ci babbar gasar Kentaki a 2006, ya karye bayan mako biyu. Masu shi attajirai ne, aka yi masa tiyata da ƙarafa a asibitin jami'a, aka yi wata takwas ana fama, ciwon kofaton nan ya kama shi, a Janairun 2007 aka yi masa allurar hutu. In kuɗin Amurka bai tashe shi ba, karan ɗori da tsumma ba za su tashi akawalin Kawu ba.

Ita allurar, ga yadda take. Likita yakan fara ba dabbar maganin da zai kwantar mata da hankali ta yi lamo. Sannan ya sa mata maganin barci mai ƙarfi, yawanci wanda ake kira fentobabital, ta jijiya, da yawan da ya wuce na tiyata nesa. Cikin daƙiƙoƙi hankalinta ya gushe, numfashi ya tsaya, zuciya ta biyo baya cikin 'yan mintoci. Tana barci abin yake faruwa. Wani lokaci jiki yakan yi ɗan motsi ko ta ja dogon numfashi bayan ta riga ta fita hayyacinta, ido kuma yakan zauna a buɗe, likitan kirki yana gaya wa mai dabba wannan tun kafin a fara don kada ya firgita. Malaman fiƙihu wuƙa suka ambata don ita ce mafi gaggawar abin da suke da shi a zamaninsu. Cewa allura ta shiga ƙarƙashin hukuncin, wannan fahimtata ce, kuma zan so malamanmu su zauna da likitocin dabbobi su fito da magana ɗaya a kai, a faɗe ta a mumbari yadda ake faɗin hukuncin layya.

Sai a gwada wannan da yadda muke yi idan mun gaji da dabba mun yanke shawarar kawar da ita da kanmu. A zuba fiya-fiya a cikin sauran tuwo a ba kare. Wanda ya taɓa gani ya san kare ba ya mutuwa nan take: yawu ya riƙa dalala, jiki na karkarwa, yana zawo yana shure-shure, numfashi na sarƙewa, kuma duk yana cikin hayyacinsa. Shinkafar ɓera, irin wadda ke hana jini daskarewa, kwanaki take ɗauka dabba na zubar da jini ta ciki. Ga jifa da duka, wanda aka bar wa yara kamar wasa. Mutumin da ya ce yana tsoron Allah ba zai bari a yi wa karensa allura ba, sau da yawa shi ne zai kau da kai idan yaran unguwa suka ja shi bayan gari da sanduna. Dokar laifuffuka ta Arewa ta sa azabtar da dabba cikin laifi, amma ban taɓa jin maƙwabci ya kai maƙwabci ƙara a kan jaki ba.

Kada a fahimce ni cewa duk dabbar da ta tsufa a kai ta a yi mata allura. Tsufa ba ciwo ba ne. Tsakanin lafiya da mutuwa akwai jinya, kuma ita ce ta fi tsawo. Gwaggona tana da wata kyanwa da ta kai shekara 14, haƙoranta suka zube, idonta ɗaya ya yi fari. Ta daina kama ɓera, ta daina hawa katanga. Gwaggo ta sa mata tsohon zani a kwali kusa da murhu lokacin hunturu, tana marmasa mata kifi a cikin kunu mai ɗumi, tana goge mata kwantsa da tsumma. Kyanwar ta ƙara shekara guda a haka, tana fitowa hantsi tana kwanciya a kan ƙafar Gwaggo. Wata safiya aka tarar ta mutu a kwalinta. Wannan ba ta buƙaci allura ba, kuma da wani ya kawo maganar da na fi kowa faɗa da shi. Abin dubawa shi ne ko dabba tana ci tana sha, ko tana iya tashi ta kauce wa ƙazantarta, ko ranakun da take jin daɗi sun fi na wuya yawa. Idan an wayi gari babu ko ɗaya, lokacin magana da likita ya yi.

A kan jinyar nan akwai gargaɗi ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe. Kada a ba dabba maganin mutane da ka. Farasitamol da muke sha kamar gyaɗa yana kashe kyanwa, ƙwaya ɗaya ta isa, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Magungunan ciwon jiki na mutane suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Sau nawa tausayi ya sa uwar gida ta ɓare ƙwaya ta tura wa kyanwa a baki, ta kwana tana mamakin abin da ya kashe ta?

Sharaɗin da littafin ya kafa, a fid da rai da ita, shi ne katangar da ke tsakanin jinƙai da son kai. Likita ne zai faɗi an fid da rai, bayan ya duba. Mai dabbar da ya gaji da sayen abinci, ko zai tashi daga gidan haya, ko ya ga sabon ɗan kwikwiyo ya fi burge shi, ba shi da wannan hurumi. Inda abin yake da wuya shi ne idan maganin yana nan amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ita. Nan ba ni da amsa mai daɗi. A nemi taimako, a nemi wanda zai karɓe ta, a tambayi likita ko akwai hanya mai rahusa. In duk an rasa, kuma ciwon mai azaba ne, ni dai na fi yarda a hutar da ita da a saka ta a buhu.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska: ana ta kai, wa ke ta kaya? Mutane suna kwance a asibiti an rasa kuɗin allura, kai kana maganar mutuwar kare. Maganar tana da nauyi. Amma a lura, abin da nake nema bai kai kuɗin sirdi ɗaya ba, kuma wanda ya iya ciyar da doki shekara 12 ba kuɗin allurar ƙarshe ne zai gagare shi ba. Sannan karen da aka yar ba ya ɓacewa, unguwar wani yake komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kusan duka kuma ta cizon kare, yara ne kaso mai yawa a cikinsu. Ciwo ne da idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai a yi haƙuri. Rigakafinsa na karnuka a nan ƙasar ake yin sa, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda aka kafa tun 1924. Idan kare ya ciji mutum, abin yi shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a garzaya asibiti. Karen kuma a tsare shi kwana 10 a gani, in ya mutu ko an kashe shi a bar kansa lafiya, don a ƙwaƙwalwa ake gwajin. Mu kuwa kan muke fara farfasawa.

Wasu kuma tsoronsu shi ne yau dabba, gobe mutum. Sun ji Holan da Beljiyam sun halatta wa likita ya ɗauki ran majinyaci tun 2002, Kanada ta bi a 2016. Wannan haramun ne a wurinmu ba tare da wani kwana-kwana ba, kuma malaman da suka halatta hutar da jaki su ne dai suka haramta a taɓa ran ɗan Adam ko da saura numfashi ɗaya. Kusan ƙarni bakwai ke nan hukunce-hukuncen biyu suna zaune a littafi ɗaya, ɗaya bai ci ɗaya ba.

Saura batun abin da za a yi da jikin. A Turai da Amurka wannan sana'a ce babba. Akwai maƙabartar dabbobi a kusa da Niyok tun 1896, akwai ta kusa da Paris tun 1899, da duwatsu da sunaye. Yanzu ƙonawa ta fi yawa. Ana sa dabbar a tanda mai zafin da ya kai digiri 800 ko fiye, a niƙa ƙashin da ya rage ya zama gari. Wanda ya biya da tsada a ƙona tasa ita kaɗai a ba shi tokar a ɗan tulu ya ajiye a falo, wanda ya biya kaɗan a haɗa da na wasu ba a dawo masa da komai. Ba na yi musu dariya. Wanda ya zauna shi kaɗai a bene da kare shekara 15, ba shi da tsakar gida ba shi da gona, dole ya nemi hanya. A Legas ma tun 2013 doka ta ba da damar ƙona gawar mutum ga wanda ya zaɓi haka.

Amma mu a Zariya ban ga abin da ya kai mu ba. Tanda irin wannan gas ko gas-oyil take sha, a garin da mai shayi ke lissafin kowane cikon silinda. Ajiye toka a ɗaki ba ya cikin ɗabi'armu, mu da ko kabarin iyayenmu ba ma gina shi. Ba zan ce ƙona mushe haramun ne ba, don hanin da na sani a kan azabtar da mai rai da wuta ne. Abin da na tabbata shi ne ƙonawar da ake yi a unguwa, a ɗora tsohuwar taya a zuba fetur, ba ta cinye jikin, sai baƙin hayaƙi da ƙauri su cika gidajen mutane, karnuka su zo su ƙarasa saura. Inda wuta take da wuri shi ne annoba, kuma aikin hukuma ne. Lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye irin H5N1 a wata gona a Jaji a Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka, kashe kajin aka yi aka ƙona aka binne. Haka ciwon saifa, wanda aka tabbatar da shi a wata gona a Suleja a Yulin 2023: dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci da baya, ba a feɗe ta, ba a jan ta a ƙasa, a kira likita, don ƙwayar cutar tana iya shekaru da yawa a cikin ƙasa tana jira.

Binnewa ita ce tamu, amma ita ma da ƙa'ida. Rami ya yi zurfin da aƙalla mita ɗaya ta ƙasa za ta hau kan jikin, ya yi nisa da rijiya da rafi. A cikin birni, inda rijiya da masai suke kallon juna a tsakar gida ɗaya, kuma da damina ruwa yake tasowa kusa, binne babbar dabba a gida ganganci ne. Dabbar da aka yi wa allurar hutu kuwa dole a zurfafa mata, don maganin yana zama a namanta, duk kare ko tsuntsun da ya ci zai iya mutuwa. Indiya ta ga irin wannan: maganin ciwon jiki na diklofenak da ake yi wa shanu ya kusa ƙarar da ungulayen ƙasar daga shekarun 1990, sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Mu ma ungulun da muka taso muna gani jere a kan rufin kwata, yaushe rabon da wani ya gan su? Da su muke dogara su share mana abin da muka wurgar, yanzu ba su nan, mu kuma ba mu daina wurgarwa ba.

Abin da nake roƙon ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari bai da yawa. Fili ɗaya a bayan gari, a kewaye shi, nesa da Kubanni da Galma, da ma'aikata biyu masu haƙa, da mota ko keken da za a kira a biya ɗan abin da ya sauƙaƙa. Mai gidan haya a Tudun Wada da kyanwarsa ta mutu ya san inda zai kai ta maimakon kwalbati. Sannan a samu likitan da zai zo har gida, don dokin da ya karye ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa. Garin da ke da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a Shika, bai kamata a ce mai doki a Ƙofar Gayan bai san lambar da zai kira da tsakar dare ba. Masu sarauta su ne manyan masu dawaki a garin nan, in fada ta yi magana a kan wannan barga-barga za a ji. Tun 2024 ma akwai ma'aikatar kiwo ta tarayya, ko da yake hankalinta yana kan nama da madara.

Kawu bai sake sayen doki ba. Turken yana nan, awaki ake ɗaurewa. Na daɗe ina juya ko in gaya masa abin da na ji a zauren nan, don ban ga amfanin fama masa ciwo ba. Bara da azumi, muna zaune bayan sallar asham, ya kawo zancen akawali da kansa, sai na faɗa masa. Ya yi shiru har na yi nadama. Can ya ce, "A wane babi?" Na ce babin yanka. Ya ce in shiga ɗaki in ɗauko masa littafin da tabaransa. Ya buɗe ya bi layin da yatsa sau biyu, leɓensa na motsi. Da ya rufe sai ya tambaye ni ko yaron nan ɗan Samaru ya gama karatun, da kuma inda yake aiki yanzu.